Fistin da ninkin matsi: amsoshi ga masu sake ɗaura inji a Damagaram

Wasiƙun da suka iso mini a wannan makon kusan dukkansu a kan fistin suke magana, kuma hakan bai ba ni mamaki ba, domin bayan zafin Afrilu da Mayu ne garejojin Damagaram ke cika da motocin da suka tafasa a hanya aka jawo su da igiya. Na ɗauki guda biyar zan amsa. Kafin nan ya kamata mu daidaita harshe, tun da makanikanmu da kalmomin Faransanci suke aiki, alhali yawancin kayan gyara daga Kano ake kawo su. Abin da muke kira kulas, wato murfin da ke rufe saman silinda, shi ne ’yan kasuwar Ƙofar Ruwa ke kira tof, juwan, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da bulok, shi ne gaskit, sagiman kuma, wato zoben da ke kewaye fistin, shi ne ringi.

“Malam, ina da Hilux mai injin 22R wadda nake dakon kaya da ita tsakanin Damagaram da Tanut. Ta fara hayaƙi da shan baƙin mai, makanikina ya buɗe ta ya ce sai an faɗaɗa silinda zuwa 0.50. Kulas ɗin an taɓa aske shi sau biyu bayan ta tafasa. Mai sayar da kaya ya nuna mini fistin iri biyu, mai shafaffen kai da mai tozo, ya ce mai tozon ya fi ƙarfi. Wanne zan saya?” Daga wani Alhaji a Garin Malam.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Ka dakata da sayen kowanne daga cikinsu tukuna, ka ce wa makanikinka ya kawo maka ɗaya daga cikin tsofaffin fistin ɗin da ya cire, domin shi ne zai fara gaya maka gaskiya. Injin 22R iri biyu ne masu suna ɗaya. Kamfanin Toyota ya sake masa fasali a shekarar 1985, ya rage tsawon bulok, ya canza siffar kulas, ya koma amfani da fistin mai shafaffen kai, alhali na shekarun da suka gabata mai tozo ne wanda ke shiga cikin faffaɗan ɗakin kulas. Idan aka sa mai tozo a sabon bulok, kansa zai bugi kulas. Idan kuma aka haɗa mai shafaffen kai da tsohon kulas, injin zai tashi amma zai zama rago, ya riƙa nishi a kowane ɗan hawa. Saboda haka mai sayar da kayan nan bai nuna maka mai ƙarfi da mai rauni ba, ya nuna maka kayan injuna biyu ne daban.

Duk da haka zan tsaya a kan maganar ƙarfin, domin ita ce ke jan mutane da yawa su sayi abin da zai lalata musu inji. Abin da tozo ke ƙarawa shi ne ninkin matsi. Lokacin da fistin ya sauka ƙasa, silinda na cike da iska da mai. Lokacin da ya hau sama, duk wannan cakuɗin sai ya matsu a cikin ɗan ɗakin da ya rage tsakanin kan fistin da kulas. Idan aka haɗa girman wurin da fistin ke sharewa da girman ɗan ɗakin, sannan aka raba jimillar da girman ɗan ɗakin, abin da ya fito shi ne ninkin matsi. Wanda ya ce injinsa 9 ne, yana nufin cakuɗin da ya cika mudu tara an matse shi ya koma cikin mudu ɗaya.

Bari mu lissafa da injinka. Faɗin silindar 22R milimita 92 ne, tafiyar fistin daga ƙasa zuwa sama kuma milimita 89. A mayar da su santimita, a ninka faɗin da kansa, a ninka da 0.7854, sannan a ninka da tafiyar: 9.2 sau 9.2 sau 0.7854 sau 8.9 ya ba da mililita 591.6 a silinda ɗaya, wato 2,366 a silinda huɗu, wanda ake taƙaitawa a ce lita 2.4. Ninkin da masana’anta ta ba wannan inji yana tsakanin 9.0 da 9.3 gwargwadon shekarar ƙira. Idan muka ɗauki 9.0, to ɗan ɗakin zai zama 591.6 a raba da 8 (ninkin 9 a cire 1), wato kimanin mililita 74, abin da bai kai kofin shayi ba.

Faɗaɗa silinda zuwa 92.5, wato ƙarin milimita 0.50 da makanikinka ya faɗa, wanda shi ne mutane suka fi tsoro, kusan ba ya canza komai. Wurin da fistin ke sharewa zai koma mililita 598.1, ninkin kuma ya tashi daga 9.0 zuwa 9.1 kawai. Inda hatsarin yake shi ne ɗan ɗakin. A ce askin kulas sau biyu ya cinye rabin milimita, wanda zai iya rage ɗakin da kimanin mililita 3, ya koma 71. Ninkin ya zama 9.4. A ce kuma juwan ɗin da aka samo a kasuwa ya fi na asali siranta da milimita 0.4; ramin juwan mai faɗin milimita 93 zai rage wasu mililita 2.7, ɗakin ya koma 68.3, ninkin ya kai 9.8. Idan a kan wannan aka ɗora fistin da tozonsa ya zarce na asali da mililita 8, ɗakin zai koma 60.3, ninkin kuma ya haura zuwa 10.9. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar kai injin nan 10.9, kowa ɗan abu kaɗan ya taɓa, amma ga inda aka tsaya.

Ribar da ake samu daga ƙara ninki ba ta da yawa. A lissafi, tashi daga 9 zuwa 10 yana ƙara ƙarfi da kimanin kashi 3 cikin 100, abin da direba mai ɗauke da buhunan gero ba zai ji a ƙafarsa ba. Hasarar kuwa babba ce. Matsi yana ɗumama cakuɗin mai da iska, kuma idan zafin ya wuce abin da man zai iya jurewa, ragowar cakuɗin da wutar buji ba ta iso gare shi ba sai ya fashe da kansa. Wannan ita ce ƙarar da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan mota ta ɗauki hawa da kaya. Kowace ƙara bugun guduma ce a kan fistin, kuma ita ce ke karya bakin ramin sagiman, ta ƙona juwan, wani lokaci ta huda kan fistin. Sababbin injuna suna da na’urar da ke jin wannan ƙara ta ja lokacin wuta baya, amma 22R mai kafireta ba shi da ita, kunnen direba kaɗai ke tsaronsa.

Ka ƙara da yanayinmu. Iskar da injin ke shaƙa a hanyar Tanut da rana tsaka a watan Mayu ta haura digiri 40 tun kafin ta ratsa ƙarƙashin bonet, kuma iska mai zafi ta fi saurin kawo fashewar nan. Sannan akwai man. Tun da matatar mai ta Soraz ta fara aiki a 2011 muna da man gidan mai a kusa, amma kowa ya san motar dako ba kullum take sha a can ba. Idan mai ya ƙare a ƙauye, na kwalba ake saya, wanda ya yini a rana har sassansa masu sauƙi suka tashi, kuma wani lokaci an gauraya shi da kananzir, wanda ke rage masa juriyar matsi ƙwarai. Wasu makanikai idan injin ya fara ƙarar nan sukan juya distiributa su ja wuta baya sosai. Ƙarar takan tsaya, amma injin sai ya ƙara zafi da shan mai, ya rasa ƙarfin da aka sayi tozon dominsa.

Shawarata ita ce ka sayi fistin na 0.50 mai siffar wanda aka cire, daga kamfanin da aka sani, ka nemi ninkin da bai wuce na asali ba. Da silinda mai mililita 598.1, ninkin 9.0 yana buƙatar ɗaki na mililita 74.8, kuma tun da an aske kulas ɗinka, mai yiwuwa sai an cike giɓin da juwan mai kauri. Juwan mai kaurin yana da wani amfani kuma: a injin da sandar kam ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul, ke cikin kulas irin naka, aski yana kusantar da kulas ga bulok, sarƙar taimin ta saki, lokacin buɗe bawul ya ɗan ja baya. Idan askin ya wuce iyakar da littafin gyara ya yarda, wani kulas za ka nema. Abu na ƙarshe, wanda ake yawan juyawa a garinmu: fistin ake fara saya, a kai shi tare da bulok wurin mai injin faɗaɗawa, ya auna kowane fistin a ƙasan jikinsa, a gefen da ke gicciye da fil, wato ƙarfen da ke ratsa fistin ya riƙe shi, sannan ya sassaƙa silinda daidai da shi da ɗan sararin da kamfanin ya rubuta. Wanda ya faɗaɗa bulok kafin ya riƙe fistin a hannu yana ɗinka riga ne bai ga mai sawa ba.

“Malam, ni yaron gareji ne a Sabon Gari. Maigidana yana auna matsi da agogon da ake ɗaurawa a ramin buji. Idan agogon ya nuna 11, shi ne ninkin 11? Kuma yaya zan auna ɗakin kulas alhali ba mu da kayan aiki?”

Ɗana, Allah ya yi albarka, tambayarka ta nuna kana kallon aikin da hankali. Agogon nan ƙarfin matsi yake nunawa, ba ninki ba, kuma abin da zai nuna ya dogara da ƙarfin batir, da zafin injin, da lokacin da bawul ɗin shiga ke rufewa, da lafiyar sagiman. Amfaninsa shi ne kwatanta silinda da ’yar’uwarta: idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai yoyo. A injin fetur, idan ka zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin buji ka sake aunawa sai lambar ta tashi, laifin na sagiman ne. Idan ba ta motsa ba, ka duba bawul ko juwan.

Shi kuwa ninki da ruwa ake auna shi, kuma kayan aikin suna kantin magani da wurin mai yanka gilashi. Ka sayi sirinji mai ɗaukar mililita 20, ka samo faifan gilashi ko roba mai haske wanda ya fi bakin ɗakin faɗi, a huda masa ƙaramin rami kusa da gefe. Ka wanke kulas ya fita tas daga gawayi, ka mayar da bawul da buji a wurarensu, ka shafa giris kaɗan a bakin bawul don kada ya yi yoyo, ka kifar da kulas ɗin ɗakin na kallon sama. Ka shafa siririn giris a kewayen ɗakin, ka danna faifan a kai, ka ɗan karkata kulas ɗin yadda ramin zai zama a sama don iska ta fita. Daga nan sai ka riƙa ɗura kananzir da sirinji kana rubuta abin da ka zuba, har ya cika zuwa bakin ramin ba tare da kumfar iska ba. Ka yi wa dukkan ɗakunan, domin kulas ɗin da aka aske a karkace yakan bar wani ɗaki ya fi wani.

Ɗakin kulas ɗaya ne kawai daga cikin abubuwa huɗu da ake haɗawa a sami girman ɗan ɗakin da ake lissafin ninki da shi. Na biyu shi ne juwan: faɗin raminsa sau kansa sau 0.7854 sau kaurinsa bayan an ɗaure shi, ba kaurinsa a cikin leda ba; tsohon juwan da aka cire shi ne zai ba ka kimanin wannan. Na uku shi ne tazarar da ke tsakanin gefen kan fistin da fuskar bulok lokacin da fistin ya kai ƙololuwa, wadda za ka auna da miƙaƙƙen ƙarfe da siraran ganyayen awo da kuke daidaita bawul da su. Idan fistin ya leƙo sama da bulok, ragewa za ka yi maimakon ƙarawa. Na huɗu shi ne kan fistin kansa: kwarmi ana ƙara shi, tozo ana cire shi. A matsayin misali, a silinda mai faɗin 92.5, idan kulas ya sha mililita 56, juwan mai kaurin milimita 1.2 ya ba da 8.2, fistin ya tsaya ƙasa da fuskar bulok da milimita 0.3 wato mililita 2, kwarminsa kuma ya sha 6, jimilla 72.2 ke nan, 598.1 a haɗa da 72.2 a raba da 72.2 ya ba da 9.3.

Tozo ne ke da ɗan wuyar awo, tun da ba a zuba ruwa a kan tudu. Dabarar ita ce ka saukar da fistin milimita 10 daidai ƙasa da fuskar bulok, ka toshe kewayensa da giris, ka rufe da faifan ka cika. Da shafaffe ne, silinda mai faɗin 92.5 za ta sha mililita 67.2, idan ta sha 60.2, tozon mililita 7 ne.

Tun da kana koyo, ka riƙe wannan ma. Kowane sagiman sai an sa shi shi kaɗai cikin silindarsa, a tura shi da kan fistin ya zauna daidai, a auna tsagarsa. Ƙa’idar da aka saba ga na sama ita ce kimanin milimita 0.4 ga silinda mai faɗin milimita 100, sai dai idan takardar kamfanin ta faɗi wani abu. Wanda tsagarsa ta yi kaɗan, idan ya yi zafi bakunansa biyu za su haɗu, ya kankare silinda ko ya ɓalle kan fistin.

“Malam, ɗan kabu-kabu ne ni. Babur ɗina 125 ne, abokaina sun ce in sa silinda da fistin na 150 in bar kulas ɗina. Akwai matsala?”

Ɗan’uwa, akwai, kuma lissafinka ya sha bamban da na Alhajin da ke sama. Da yawa daga cikin baburan da ke yawo a Damagaram an kwaikwayo injinsu ne daga Honda CG125, mai faɗin silinda milimita 56.5 da tafiya 49.5, wato mililita 124. Na 150 tafiyarsu ɗaya, faɗin ne ya koma 62, wato mililita 149.4. Idan ninkin babur ɗinka 9 ne, ɗakinsa kimanin mililita 15.5 ne, ka ɗora sabuwar silindar a ƙarƙashin wannan ɗakin, ninkin ya koma wajen 10.6, a injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, wanda ke yini yana tsayawa yana tashi a bakin kasuwar Dole, kuma galibi da man kwalba. Ƙari a kan haka, gefen faffaɗan fistin ɗin yana iya taɓa bakin ƙaramin ɗakin.

Idan ka ƙudura, ka sayi kulas ɗin 150 tare da silindar, a gyara jet ɗin kafireta don kada man ya yi ƙaranci, kuma a auna kaurin fil ɗin fistin kafin a biya kuɗi, domin ba duka ne ɗaya ba. Masu ƙara juwan a gindin silinda suna da hujja, tun da kowane rabin milimita yana ƙara wa ɗakin mililita 1.5, amma gyaran dole ne, kuma sai an sake daidaita bawul bayansa. Ni dai da babur ɗin abincina ne, zan mayar masa da fistin na 125 a matakin faɗi na gaba, in sa ragowar kuɗin a baƙin mai da matatar iska.

“Malam, ina da Land Cruiser mai injin gazuwal 1HZ da ke zirga-zirga zuwa Agadas. Ina so in sa mata turbo, kuma ƙanena da ke ƙasar waje ya ce zai iya sa a ƙera mini fistin na musamman. Me zan aika masa?” Daga wani Alhaji a Birni.

Alhaji, ranka ya daɗe, kafin ka aika komai ka dubi abin da Toyota da kanta ta yi. Injin 1HZ da 1HD-T faɗinsu ɗaya, milimita 94, tafiyarsu ɗaya, milimita 100, girmansu mililita 4,164. Amma 1HZ marar turbo, wato abin da ke tura ƙarin iska cikin inji, ninkinsa ya haura 22, wajen 22.4, shi kuwa 1HD-T mai turbo an sauke shi zuwa 18.6, kuma ba a tsaya nan ba: a 1HZ ana fesa mai ne cikin wani ƙaramin ɗaki da ke cikin kulas, a 1HD-T kuwa kai tsaye ake fesa shi cikin kwano da ke kan fistin. Saboda haka fistin ɗin ɗaya ba ya aiki a ɗayan, kuma sauke ninkin 1HZ da fistin na musamman ba zai mayar da shi 1HD-T ba. Abin da zai haifar shi ne injin da ke ƙin tashi da asubar hunturu a Agadas, domin gazuwal ba shi da buji mai tartsatsi, zafin matsi ne ke kunna shi.

A gazuwal ɗan kuskure babba ne. Silindar 1HZ ɗaya tana share mililita 694, ɗakinta kuwa kimanin 32 ne kacal, don haka kashi ɗaya cikin goma na milimita yana motsa ninkin da kusan rabin lamba, kuma tazarar da ke tsakanin fistin da bawul ƙanƙanuwa ce. Wannan ne ya sa juwan ɗin waɗannan injuna yake zuwa da kauri hawa-hawa, da alama a gefensa, kuma ana zaɓensa ne bayan an auna yadda fistin ya leƙo sama da bulok. Makanikin da ya ce a sayo masa juwan kafin ya ɗaura fistin ya auna, ƙaddara yake jira.

Game da ƙarfen kansa, fistin iri biyu ne: na zubi, wanda ake narka alminiyom a zuba a mazubi, da na bugu, wanda ake matse ƙarfen da ƙarfi ya ɗauki siffa. Kamfanoni irin su JE da Wiseco na Amurka suna ƙera na bugu bisa oda, galibi da gauraye biyu. Mai lamba 4032 yana da silikon kimanin kashi 12 cikin 100, ba ya kumbura sosai da zafi. Mai lamba 2618 kusan ba shi da silikon, ya fi jure bugu, amma ya fi kumbura, don haka ana bar masa sarari mai yawa, yana ƙwanƙwasa kafin injin ya yi ɗumi, kuma ya fi saurin cinyewa. Na motocin tsere ne waɗanda ake buɗe injinsu a kai a kai. Fistin ɗin gazuwal na asali kuwa na zubi ne, kuma galibi an dasa masa zoben ƙarfe mai tauri a ramin sagiman na sama, abin da na bugu galibi ba shi da shi. A motar da ke shaƙar ƙurar hanyar Agadas, wannan zoben ya fi maka duk wani ƙarfin da ake talla. Na asali, ko na kamfanoni masu ƙera irinsa kamar Mahle da Kolbenschmidt na Jamus, su suka dace da aikinka. Idan ƙarfin turbo kake so da gaske, sayen injin 1HD-T sukutum ya fi aminci. Idan kuma 1HZ ɗin za a sa wa, a bar iskar turbon kaɗan, kada a buɗe wa famfon mai hannu, a ɗaura agogon zafin hayaƙi a gaban direba, domin zafin hayaƙin ne ke tsaga fistin da ƙananan ɗakunan kulas.

Odar fistin na musamman tana da wurinta: tsohon injin da aka daina ƙera masa kaya, ko wanda aka canza masa biyel, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ko tafiya. Wanda ya kai ga haka zai aika faɗin silinda na ƙarshe, da tafiya, da tsawon biyel daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, da tsawon bulok daga tsakiyar karanshaf zuwa fuskarsa bayan aski, da kaurin fil, da girman ɗakin kulas, da kaurin juwan, da girman bawul da zurfin buɗewarsu, da irin man da za a sha, da ninkin da ake so. Daga waɗannan ne ake fitar da tazarar tsakiyar fil zuwa kan fistin, wato tsawon bulok a cire rabin tafiya, a cire tsawon biyel, a cire ɗan sararin da ake so a bari. Aika tsohon fistin ɗaya tare da takardar ya fi dogon bayani a waya. Kuma a yi odar bakwai ga inji mai silinda shida, domin idan ɗaya ya lalace babu shagon da za a same shi daga nan har Kano.

“Malam, Corolla ce da ni mai injin 4A-FE. Makaniki ya ce in zaɓa tsakanin fistin na hannu da aka ciro daga injin waje da sababbi masu araha. Wanne ya fi?” Daga wata Hajiya a Zango.

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya, ki fara tambayarsa ko fistin ɗin naki sun mutu ne da gaske. Sau da yawa idan silinda ba ta cinye fiye da iyaka ba, ana wanke tsofaffin, a ɗan goge bangon silinda, a sa sababbin sagiman, aikin ya ƙare. Idan farce yana maƙalewa a wani tudu da ke bakin silinda daga sama, to ta cinye, kuma a nan fistin na hannu mai faɗin asali, milimita 81, ba zai yi miki magani ba ko da daga ina aka ciro shi, domin zai yi iyo a ciki. Sai an faɗaɗa an sa sababbi.

Idan silindar lafiya take amma fistin ɗaya ya fashe, na hannu na asali ya fi sabo marar suna, bisa sharaɗin a auna shi. A sa sabon sagiman a raminsa a ga ko yana rawa sama da ƙasa, a duba ramin fil, a kwatanta siffar kansa da na sauran, domin injunan da suka yi kama a waje sukan bambanta a zurfin kwarmi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa silinda ɗaya ta fi sauran matsi. Ki sa a ɗora su duka huɗun a kan sikelin masu sayar da zinariya. Kada bambancinsu ya wuce ’yan giram kaɗan. Sababbi masu araha ma haka za a yi musu tun a shago, kafin a biya, a kuma tabbata alamar da ke nuna gaban inji tana nan a kansu. Idan an gama ɗaurawa, a canza matatar iska a duba robar da ke tsakaninta da injin ko ta tsage, a tafi da motar a hankali na kilomita 1,000 na farko, sannan a zubar da baƙin man a sa sabo tare da matatarsa.